Mi za mu kira rediyeshin na wuta da Hausa?

Jama'a ku taimaka, kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat. Ƙanena na karatun injiniya a Aliero, aikinshi na kammalawa kan boilar (tukunyar tururi) injin gumin shinkafa ne, irin wadda ake hura wa buntu, yana lissafawa a kwamfuta yadda zafi ke fita daga iskar ƙuna ya daki bangon tukunya. Baba ya ce ya yi mishi bayani da Hausa, yaro na kaiwa kan rediyeshin ya tsaya cak. Abin ya taɓa ni wallahi, don Baba ya shekara talatin yana aiki da wuta, kalma kawai ta raba su.

Zafi dai hanya uku gare shi. Akwai mai bin jikin ƙarfe kamar ludayin da aka manta cikin miya, akwai wanda iska ke ɗauka ta yi sama da shi, sai na ukun da muke nema, wato rediyeshin, shi ba ruwanshi da abin hawa. Ku dubi mai tsire, ba bisa wuta yake ɗora nama ba, kewaye yake kafa tsinke, iska mai zafi ta wuce sama abinta amma nama ya gasu. Ko jin ɗumi da hunturu, gaba ta yi zafi baya na sanyi.

Wani malami daga Gusau ya ce a ce gashi, tunda ko asibiti haka ake ce wa na masu ciwon daji. Malam Allah shi ƙara sani, amma gashi sunan abin da ya samu naman ne, ba sunan abin da ya taso daga wutar ba. Wasu sun ce turiri, shi kuma ruwa ne, kuma muna bukatar kalmar don tururin na cikin lissafin. Tartsatsi ana ganinshi da ido. Hasken zafi ya yi kusa, sai dai mafi yawan abin ido bai ganinshi.

Ni huci na tsaya a kai, hucin wuta. Dalilina kalmar na karɓar aiki, kuma duk wahalar lissafin wurin ta ke. Iskar ƙuna ba duka ke shiga harkar ba, naitirojin da oksijin huci ratsa su yake ya wuce kamar babu su, kabon dayoksaid da tururin ruwa su ke shan huci su kuma fitar da shi, tun 1859 masanin kimiyya John Tyndall ya gwada haka a Landan. Kuma zaɓe suke, huci kamar igiyar ruwa yake tafiya, wani tsawon zangon igiyar su sha wani su bari, kabon dayoksaid ya fi sha wajen maikiron 4.3 da 15 (maikiron ɗaya bisa miliyan na mita ne), shi ya sa kwamfuta ke jigata har masana suka riƙa neman gajerar hanya, irin jadawalin da injiniya Hoyt Hottel ya tsara a Amurka. Ga kunkunniya, ita ke sa harshen wuta ya yi rawaya, ita kusan ba ta zaɓe. To ku gwada: hayaki ya sha huci, bango ya mayar da huci, garwashi ya fi huci. Duk sun zauna a baki. Ku gwada da gashi ku ji.

Har dokar Stefan ta 1879 na faɗa wa Baba da ita, na ce in zafin garwashi ya tashi daga 600 zuwa 1200 a ma'aunin zafi na Kelbin hucinshi ba ninki biyu zai yi ba, ninki 16 ne. Ya ce ai maƙera sun sani, in zuga-zugi ya kama sai ka ja baya.

Wata yaya daga Argungu ta ce huci na iya nufin iska mai zafi ma, har numfashin mai fushi. Gaskiyarki yaya. In ana tsoron ruɗani a rubuce sai a ce hucin nesa, na iska a bar shi zafin iska. Ƙanena ya riga ya sa hucin nesa a bayanin da zai karanta wa Baba ran Juma'a.