Jinin ƙarya na kwalliyar Halloween

Ƴar Yamai: Jama'a, za mu yi shigar dodanni ranar 31 ga Oktoba. Yaya ake haɗa jinin ƙarya?

Mai Kwalliya: Ƴar'uwa, zuma cokali 4, ruwa cokali 1, kalar abinci ja ɗigo 10, garin koko rabin cokali. Kokon ne ke duhunta shi, ja zalla sai ya fito kamar lemun kwalba. In ya tsinke, ƙara Maizena (garin sitacin masara) kaɗan kaɗan.

Ɗan Tawa: Da zafinmu zuma na narkewa, ga ƙudaje. Gilisarin ya fi a fata, amma ban da ido.

Mai Kwalliya: Gaskiya ne. Ki fara shafa basilin, don kalar na kama fata. Farar riga kuwa ba ta fita sosai, ki sa tsohuwa.