Ƙugiyar gashin tsuntsu daga Amurka: za ta kama karfasa a tafkin Jabi?

Ɗan Utako: Salamu alaikum. Yayana da ke Mishigan ya aiko min da sandar fatsa da ƙugiyoyi goma sha biyu, an ɗaure su da gashin tsuntsu kamar ƙwari. Ya ce da su yake kama yellow perch, wani kifi rawaya mai ratsin baƙi. Asabar biyu ina jefawa a Jabi, ko motsi babu. Ina son abin nan sosai. Wacce zan ɗaura?

Mai Fatsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wancan kifin na ruwan sanyi ne, garke yake yawo kusa da ƙasan ruwa, yana cin ƙananan kifaye da tsutsar ƙwari. Shi ya sa ake jefa masa Clouser Minnow, wata ƙugiya mai kama da ƙaramin kifi, mai idon ƙarfe don ta nutse. Karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, gansakuka ta fi ci. Ajiye manyan. Ɗauki mafi ƙanƙanta, baƙa ko ruwan ƙasa, ka bar ta ta nutse gefen ciyayi, ka riƙa ja a hankali kana tsayawa.

Kawun Lugbe: Ɗana, ƙarfe nawa kake zuwa? Da rana ta take, sun koma zurfi. Je bayan asuba. Kuma ka jira ruwan farko, lokacin da gina ke fita tana faɗawa ruwa, sannan ƙugiya mai yawo a saman ruwa za ta yi aiki.

Ɗan Utako: Ƙarfe 11 nake zuwa, Kawu. Na gode, Asabar da asuba in sha Allahu.