Gwanjon fili a WhatsApp: in tura kafin alƙalami ko in dakata?

Mai Albasa, Duwala

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ni ɗan Garwa ne, kasuwancin albasa ya zaunar da ni Duwala. Na daɗe ina tari don in gina wa Inna gida ta huta da haya. Wani abokina ya saka ni a wani zauren WhatsApp da ake gwanjon filaye: a ɗora hoto, a faɗi kuɗin farawa, kowa ya yi tayi, daren Juma'a a rufe. Aka sa wani fili wajen Jambutu a Garwa mai murabba'in mita 400, daga sefa miliyan 2. Na taya, wasu mutum biyu suka bi ni, muka yi ta hawa har miliyan 4 da dubu 200, aka ce an sallama mini. Yanzu mai zauren ya ce in tura kashi 10 cikin ɗari ta waya kafin azahar gobe, ko a ba mai bi mini. Ya turo hoton titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, amma ya rufe lambar da yatsa, wai don tsaro. Ya ce banki ne ya kama filin kan bashi, shi ya sa araha. Bidiyo kawai na gani. Ƙanena yana Garwa. In tura?

Tsohon Akawu, Garwa

Wa alaikumus salam. Ɗana, ko dala kada ka tura. Na ci zamanina ina akawu a ofishin notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun ciniki, kuma maganar bankin nan ita ta fara tsaya mini a wuya.

Banki ba ya kama fili ya ba mai zauren WhatsApp ya sayar. Mu a Kamaru da Chadi duka dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, muke bi a kan wannan. Gida ko filin da aka kama kan bashi, a gaban kotu ake gwanjonsa ko a gaban notar. Kafin ranar, lauyan mai bin bashi yana ajiye kundin sharuɗɗa a ofishin magatakardar kotu, mai son saye ya je ya karanta. Sai an buga sanarwa a jarida, an manna ta a ƙofar kotu, aƙalla kwana 15 kafin gwanjo. Ko bayan an sallama ma magana ba ta mutu ba, akwai kwana 10 da wani zai iya zuwa ya ƙara kashi ɗaya bisa goma na kuɗin, a sake gwanjon. Abin da doka ta ja shi haka, shi ne wani zai ce maka azahar gobe? Tambaye shi wace kotu ce, wane lauya ne, a wace jarida aka buga.

To a ce ma ba na banki ba ne, mai shi ne ke sayarwa. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce cinikin fili mai titir, in ba a gaban notar aka yi shi ba, ɓatacce ne. Rasit na waya da hoton hira ba za su sa sunanka a kan takarda ba.

Batun rufe lamba kuwa, ai lambar ita ce abin dubawa. Da ita ƙanenka zai je ofishin ajiyar rajistar filaye na Binuwai nan Garwa, wanda muke ce wa konsarbasiyo, ya nemi takardar shaidar mallaka ta kwanan nan. A ciki zai ga sunan mai filin, girmansa, da ko an jinginar da shi ko akwai wanda ya yi ƙorafi a kai. Sau da yawa titir ɗin gaskiya ne, amma na babban fili ne na gado, ɗaya daga cikin magada ya yanki gefe yana talla ba da sanin sauran ba. Irin wannan sai an raba shi a hukumance, mai awon kadastir, wato ofishin awon filaye na gwamnati, ya kafa duwatsun iyaka, a fitar maka da naka titir. Takardar lawan ko jauro tana da mutuncinta a unguwa, ban raina ta ba, amma ba ta kai titir ba ranar da aka shiga kotu.

Maman Walida, Marwa

Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, bidiyon da rani aka ɗauka ko da damina? Garwa a bakin Binuwai take, duk wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san filin da ke busasshe ƙayau a watan Maris yana iya zama tafki a Satumba. Ƙanenka ya taka da ƙafarsa, ba tare da dillalin ba. Ya dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai shatin ruwa, ya gaida tsofaffin layin ya tambaye su filin waye. Su suka san ko mutum nawa aka taɓa kawowa a nuna musu shi.

Abu Hafsa, Gaundere

Ɗan'uwa, mutum biyun da suka yi ta bin ka da tayi, ka san su? Mutum ɗaya mai waya uku yana iya zama mai zaure, ya kuma zama abokan takararka. Shi ne najashi, a taya kaya ba don a saya ba sai don a ingiza mai saye, kuma Annabi (SAW) ya hana, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. A kasuwar shanu kana ganin fuskar mai tayi. A nan lamba kake gani.

Hajiyar Kuseri

Masu sayarwa ma su yi hattara. Na sa gidan marigayi maigidana a Facebook, wani ya turo saƙo mai kama da na shigar kuɗi, wai ya yi kuskure ya tura fiye da kima, in mayar masa da ragowa. Da na duba asusun, ba abin da ya shigo. Kuma kada a watsa hoton titir a bainar jama'a, da shi ake yi wa wani gwanjon gidanka. Mai saye na gaske a ba shi lambar shi kaɗai, ya je ya duba.

Mai Albasa, Duwala

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na tambaye shi kotun, ya ce sirrin banki ne, lambar kuma sai na biya. Yanzu ya sauko, wai ko dubu 100 in tura ya riƙe mini.

Tsohon Akawu, Garwa

Gwanjon da doka ta ce a buga a jarida ba shi da sirri, ɗana. Ka ce masa ka amince da farashin, amma ya zo da mai filin da katin shaidarsa da ainihin titir, su haɗu da ƙanenka ranar Litinin a ofishin notar da kai ka zaɓa, ba wanda shi ya zaɓa ba. Kafin alƙalamin ma a hannun notar za a ajiye, da rasit. In ya yarda, ka sanar da ni da safe, zan raka yaron konsarbasiyo kafin su zauna.