Muhawara: Katin da Aka Sa wa Hannu Kawai, Taya Murna Ne ko Sauke Nauyi?

Mai buɗe magana: Assalamu alaikum. Zan kawo wata magana da na san ba kowa zai yarda da ita ba. A ganina, duk wanda ya sayi katin taya murnar zagayowar ranar haihuwa, ya bar kalmomin da kamfani ya buga a ciki su yi magana a madadinsa, sannan ya rattaba hannu a ƙasa, bai taya kowa murna ba, nauyi kawai ya sauke. Haka na ɗauki saƙon da aka kwafo daga intanet aka liƙa masa suna. A watan jiya abokan aikina suka ba ni kati guda da mutum goma sha huɗu suka rubuta a ciki, kuma tara daga cikinsu jimla ɗaya suka maimaita, kamar kowa ya leƙa abin da na sama da shi ya rubuta. Mutum ɗaya ne ya ce bai manta da daren da muka zauna muna gyara rahotonsa ba, kuma layinsa kaɗai nake iya tunawa yau. Ma'aunina shi ne a goge sunan mai ranar. Idan saƙon zai dace da kowa bayan an goge sunan, to dama ba nasa ba ne.

Tsohon magatakarda: Wa alaikumus salam. Malam, ma'auninka ya yi tsauri, kuma da za a ɗora shi a kan sauran maganganunmu, gaisuwa ce za ta fara faɗuwa. Wanda ya ce maka "ina kwana" bai ƙirƙiro kalma ko ɗaya ba, kuma abin da ya gaya maka shi zai gaya wa na bayanka, amma ranar da ya wuce ka bai ce komai ba, za ka wuni kana tambayar kanka laifin da ka yi masa. "Allah ya ƙaro shekaru masu albarka" ma haka take, yawan faɗinta bai tsotse ma'anarta ba.

Ka kuma tuna dalilin da ya sa aka fara buga kati. A 1840 aka rage kuɗin aika wasiƙa a Birtaniya aka fito da kan sarki, wasiƙu suka yawaita. A 1843 wani jami'in gwamnatin Birtaniya mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti, aka buga kimanin dubu ɗaya a Landan, da gurbin sunan wanda za a aika wa da na mai aikawa. Ke nan tun asali an yi kati ne domin mutumin da ba zai iya zama ya rubuta wa kowa wasiƙa ba. Kamfanonin buga kati irin su Hallmark, wanda Joyce Hall ya kafa a Kansas City ta Amurka a 1910, sun ɗauki marubuta aiki ne saboda akwai masu ƙauna a zuci waɗanda alƙalami ba ya yi musu biyayya. Ni na yi shekaru ina rubuta wa mutane takardu, na ga dattijon da ke ƙaunar 'yarsa kamar ransa, amma da an miƙa masa takarda sai ya yi zuru.

Malamar harshe: Baba, ina tare da kai a kan gaisuwa, amma akwai wani tsohon rubutu da nake ganin ya raba gardamar nan tun kafin a haifi Henry Cole. A wani sansanin sojan Rum mai suna Vindolanda, a arewacin Ingila, an tono wani siririn allon katako da aka rubuta da tawada wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma yanzu yana gidan tarihi na British Museum. A jikin allon, wata mata, Claudia Severa, ta gayyaci ƙawarta Sulpicia Lepidina bikin ranar haihuwarta na 11 ga Satumba. Magatakarda ne ya rubuta gundarin gayyatar da hannunsa mai kyau, amma a ƙarshe sai rubutun ya canza, domin Severa ta karɓi alƙalamin ta ƙara 'yan kalmomi da kanta, tana kiran ƙawar tata 'yar'uwa kuma abar ƙaunar ranta, tana cewa tana jiran zuwanta. Ana lissafa waɗannan layuka cikin mafi daɗewar rubutun Latin da aka sani mace ta yi da hannunta.

Abin lura shi ne ba ta raina aikin magatakarda ba, kuma ba ta tsaya a kansa ba. Kalmomin kamfani su ne magatakardan zamaninmu. Laifin ba ya ga sayen katin da aka buga, yana ga barin farin gurbin da ke ƙasa babu komai sai suna.

Tsohon magatakarda: Malama, na ji daɗin cewa ɗan sana'armu ya shiga tarihi, ko da ba a san sunansa ba. Sai dai gayyata ce wannan, ba taya murna ba, kuma tsakanin aminai ce. To ga wani misali: tun 1917, zamanin Sarki George na Biyar, fadar Birtaniya ke aika wa waɗanda suka cika shekara 100 saƙon taya murna, da farko ta tangaraho, yanzu da kati. Mai sarauta bai san tsohon ba, kuma kalmomin da ya samu su ne waɗanda sauran suka samu, amma iyalai suna sa katin a gilashi su rataye. Da ma'aunin Malam, wannan ma sauke nauyi ne.

Mai buɗe magana: Baba, darajar wannan katin daga muƙamin mai aikawa take, kuma ba wanda yake sa ran sarki ya san shi. Ni abin da nake nema daga ƙanena ko abokina shi ne daidai abin da sarki ba zai iya ba ni ba, wato shaidar cewa ya san ni.

Jami'ar kula da ma'aikata: Malam, bari in shigo ta ɓangaren ofis, domin ni ce mai zagayawa da irin katin da kake kuka da shi. Abin da ba ka yi la'akari da shi ba shi ne katin ofis ba sirri ba ne. Duk wanda ya karɓa zai karanta abin da na gabansa suka rubuta, har da shugaban sashe, kuma wannan ne ya sa mutane suke fakewa a bayan jimla guda. Na taɓa ɓoye wani kati na sayo sabo, saboda wani ya rubuta wa wata abokiyar aikinmu barkwanci a kan shekarunta da kuma cewa har yanzu ba ta yi aure ba. A zatonsa saƙo na musamman ya rubuta, kuma lallai ya ci jarrabawar goge suna, tunda ba zai dace da kowa ba sai ita, amma da ya isa hannunta da ya ɓata mata ranar.

Saboda haka a wurin aiki ina ba da shawarar a nisanci shekaru, da jiki, da aure, da haihuwa, da rashin lafiya, sai dai in mai ranar ne da kansa yake wasa da su. Akwai abin faɗa da yawa a cikin aikin kansa. Mutum zai iya rubuta cewa ya gode da haƙurin da aka yi da shi lokacin yana sabon zuwa, ko cewa taro yakan yi sauƙi idan mai ranar yana ciki. Ga shugaba kuwa, gajarta ta fi, domin yabon da ya yi tsawo a katin da kowa zai gani yana kama da neman wuri. Wanda kuma bai san mai ranar ba sai a bakin ƙofa, addu'a ɗaya da suna sun wadatar, kuma na fi son hakan da ya ƙirƙiro kusancin da babu shi.

Matashin mai zane: Ina neman afuwar manya, zan yi iƙirari. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bazu daga ƙarshen 2022, da su nake fara rubuta irin waɗannan saƙonni. Ba rashin ƙauna ba ne. Idan na zauna zan rubuta wa yayata, wadda ta biya mini kuɗin makaranta, duk abin da na rubuta sai in ga ya yi ƙaranci ko ya yi kama da wasan kwaikwayo, sai in goge. Manhajar takan ba ni abin da ya fi nawa tsari. Idan yayata ta karanta ta ji daɗi, wa aka cuta?

Malamar harshe: Ƙanena, tsoron da kake ji an yi bincike a kansa. A 2018 Amit Kumar da Nicholas Epley suka wallafa wani nazari a mujallar Psychological Science, inda suka sa mutane suka rubuta wasiƙun godiya, suka kuma hasaso yadda masu karɓa za su ji. Marubutan sun raina irin farin cikin da wasiƙun za su jawo, sun kuma zuzuta irin kunyar da suke zaton za a ji. Su hankalinsu yana kan ko sun iya tsara kalmomi, masu karɓa kuwa sun fi duba ƙaunar da ke ciki. Wasiƙun godiya ne, ba katin ranar haihuwa ba, amma damuwar ɗaya ce. Kuma ka lura, a cikin maganarka ka riga ka rubuta saƙon: ta biya maka kuɗin makaranta, kuma kana rasa kalmar da za ta kai. Manhajar ba ta san wannan ba sai ka gaya mata, kuma in ka gaya mata, ado za ta yi wa abin da ya fi kyau ba ado.

Tsohon magatakarda: Malama, kin ba ni makami da hannunki. Idan mai karɓa ba ya duba tsarin kalmomi, to wanda ya zaɓi kati da kyau ya sa hannu ma ya isar da ƙaunarsa. Tsayawa a karanta kati ashirin a zaɓi wanda ya dace da mahaifiya ai aiki ne.

Uwar 'ya'ya huɗu: Baba, aiki ne, amma ni da ake ba katin zan faɗi abin da nake yi da shi. Ina da akwatin da nake ajiye su, kuma idan na buɗe ba na sake karanta abin da aka buga, idona kai tsaye yake zuwa wurin tawada. Akwai wanda autana ya rubuta yana ɗan shekara bakwai, da haruffa a karkace da kuskure biyu, yana gode mini da na daina kashe fitila kafin ya yi barci. Ba zan musanya shi da mafi tsadar kati ba.

Akwai kuma shekarar da kalmomin kamfani ba su da abin cewa. A shekarar da mijina ya rasu, ranar haihuwata ta zo bayan wata uku, kuma duk katin da ke cewa in yi shagali in yi dariya sai ya zama mini kamar ba a san halin da nake ciki ba. Wata ƙawata ta aiko da kati marar rubutu, ta rubuta cewa ta san wannan ce ta farko ba tare da shi ba, tana yi masa addu'a, kuma za ta zo da yamma ta zauna da ni. Ba wani kamfani da zai iya buga wannan, domin bai san an yi rasuwa ba.

Mai buɗe magana: Hajiya, Allah ya jiƙansa da rahama. Na janye kalmar "sauke nauyi" a kan wanda bai san mai ranar ba, kamar yadda jami'armu ta nuna, kuma na yarda cewa saƙo zai iya zama na mutum ɗaya amma ya cutar da shi. Sai dai a kan uwa da ɗa, da miji da mata, da abokin shekara ashirin, ina nan a kan bakana. Wanda ya san ka haka, ya kuma miƙa maka suna kawai a ƙarƙashin maganar wani, ya riƙe abin da yake da shi bai bayar ba.

Tsohon magatakarda: Ni ban janye ba, Malam. Yayana yana aiko mini da kati duk shekara, ba ya rubuta komai sai sunansa, kuma tun da hannunsa ya fara rawa sunan yake ƙara karkacewa. Bara harafi uku kawai ya iya yi. Da ma'auninka ba nawa ba ne, amma yana cikin aljihun rigata.

Matashin mai zane: Ranar yayata jibi ce. Na rufe manhajar, na rubuta layi biyu a kan kuɗin makaranta, kuma har yanzu ina ganin sun yi ƙaranci. Hajiya, in ƙara wani abu ko in bar su haka?

Uwar 'ya'ya huɗu: Ka bar su haka, ɗana, sai dai ka sa kwanan wata a ƙasa. Yawancin na cikin akwatina ba su da shi, kuma yanzu ina rasa wanne ne na wace shekara.