Ƙudajen yashi sun ƙi shan jini ta Parafilm, ina kuskuren yake?

Ɗalibar Nazarin Ƙwari:
Assalamu alaikum. Ina kiwon ƙudan yashi, ɗan ƙaramin ƙwaro mai shan jini, nau'in Phlebotomus duboscqi a ɗakin gwaji domin nazarin cutar lishmaniya da yake yaɗawa, kuma mun daina ajiye musu dabba mai rai saboda tausayinta da kuma wahalar samun izini. Yanzu jinin zomo muke zubawa a mazubin gilashi wanda ruwan ɗumi ke kewaya shi a digiri 37, mu rufe bakinsa da Parafilm, wata siririyar roba mai miƙewa. Sauro yana sha ta nan ba gardama, amma su waɗannan sai su sauka, su ɗan taɓa, su tashi. Jiya cikin matan ƙudajen kusan ɗari ban ƙirga goma da cikinsu ya yi ja ba.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Ƙwari:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina jinin da kike ba su lafiyarsa lau, matsalar tana ga abin da kika rufe shi da shi. Sauro yana da dogon baki da yake sokawa har ya kai jijiya, shi kuwa ƙudan yashi bakinsa gajere ne, tsaga fata yake yi ya sha ɗan jinin da ya taru a wurin, saboda haka roba mai santsi ba ta yi masa. Ki nemi fatar ɗan tsako mai kwana 1 zuwa 3, ki fige gashin a hankali don kada ta huje, ki kankare kitsen da ke ciki, sannan ki ɗaura ta a bakin mazubin ta yadda gefen gashin zai fuskanci ƙudajen. Na shafe watanni ina zargin jini kafin na gane haka, kuma ranar da na sauya fata, da idona na ga cikinsu yana kumbura kamar ɗigon jan tawada.

Malamar Ilimin Cututtuka:
Na yarda da Malam, sai dai fata kaɗai ba za ta wadatar ba idan ƙudajen a ƙoshe suke. Ki janye musu audugar ruwan sukarin da suke sha tun daren da ya gabata, ki zaɓi mata masu kwana 3 zuwa 5, ki bar mazan tare da su a keji, ki lulluɓe shi da baƙin ƙyalle kamar awa biyu, domin da dare suka saba cizo. Ki kuma riƙa motsa jinin lokaci-lokaci, saboda jajayen ƙwayoyinsa suna kwantawa. Idan za ki zuba ƙwayar cutar a ciki, ki fara ɗumama ruwan jinin a digiri 56 na minti 30, in ba haka ba garkuwar da ke cikinsa tana iya kashe ta kafin ta isa cikin ƙudan.

Ɗalibar Nazarin Ƙwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Lallai ban taɓa janye sukarin ba. Yau da yamma zan cire audugar, gobe kuma in gwada fatar ɗan tsako a keji ɗaya, in bar Parafilm a ɗayan, don in tantance wanne ya kawo sauyin.