Kwana a gonar shayi a Sri Lanka: me ya kamata in shirya?

Baƙon Hanya:
Salamu alaikum jama'a. Ina shirin sauka kwana uku a wani gida cikin gonar shayi kusa da Nuwara Eliya. Me zan tanada?

Mai Tsaunuka:
Wa alaikumus salam. Fara da kayan sanyi, Malam. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,900, da dare sanyi yana ratsa ƙashi, musamman Janairu da Fabrairu. Yawancin gidajen nan tsofaffi ne tun zamanin Turawan Ingila, ka tambaya ko akwai murhun ɗumama ɗaki da ruwan zafi kafin ka biya. Jirgin ƙasa daga birnin Kandy yana ajiye mutum a tashar Nanu Oya, ba cikin garin Nuwara Eliya ba, sai ka nemi gidan su turo mota.

Uwar Shayi:
Kada a manta da matsattsaku. Bayan ruwan sama suna cika ciyawar tsakanin layukan shayi. Sa doguwar safa, ka cusa ƙafar wando ciki, ka riƙe ɗan gishiri a aljihu. In ya kama ka kar ka fizge da ƙarfi, zuba gishiri zai saki.

Ɗan Kasuwa:
Masana'antar sarrafa shayin kuwa, ka je da sassafe, lokacin ake murza ganyen da ya kwana yana laushi. Ranar Lahadi da ranar cikar wata, wato Poya (ranar hutu ce a can), galibi ba a tsinkar ganyen, injina ma na iya zama shiru. Abinci kuwa, sanar da su tun da wuri kana son halal, don kicin ɗin da lissafin baƙi yake sayayya.