Injin guduna yana tsayawa da kansa, wa ya taɓa ganin haka?

Maman 'yan biyu, Kaduna: Assalamu alaikum. Likita ya ce in riƙa tafiya saboda ciwon suga, sai maigida ya sayo min injin gudu na hannu, tiredmil ɗin nan. Wata huɗu lafiya lau. Yanzu in na kunna, bel ya juya kamar daƙiƙa uku, sai ya tsaya cak, allon ya rubuta E1. Kafin mai gyara ya yanka min kuɗi, ku ba ni labarin naku.

Mai gyaran lantarki, Kano: Wa alaikumus salam Hajiya. Na buɗe irinsu da yawa. In aka cire murfin gaba, moto ne da fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, a gefensa. Moton na gida yawanci na DC ne, za ki ga an rubuta 180V a jikinsa, alhali wutar bango AC ce mai bolt 230. To fanel ɗin ne ke miƙar da wutar, ya tara ta a wani ƙaton kafasita, ta haura bolt 300, sannan wani taransisto da muke kira IGBT ya riƙa sakin ta yana katsewa sau dubbai a daƙiƙa. Kin ƙara gudu, ya ƙara tsawon sakin. Akwai kuma ɗan sansa kusa da rolar gaba ko jikin moto da ke ƙirga juyi. In fanel ya ba da wuta bai ji amsar sansa ba, sai ya kashe komai. Alamar naki ke nan, kodayake kowane kamfani da ma'anar E1 ɗinsa.

Ɗan ƙwallo, Damagaram: Ni ƙaramin janareto ya ci nawa. Moton mai ƙarfin doki 2 ne, kusan wat 1,500 ke nan, janareton ko dubu bai kai ba. Ya yi gurnani sau biyu, na ji ƙauri, shi ke nan.

Mai gidan motsa jiki, Jos: Kowa wuta yake zargi, ni ma haka na yi. Fanel biyu na ƙona a inji ɗaya, na sayi sitabilaiza mai tsada, na uku ma ya bi su. Sai wani dattijon mai gyara ya ce ba zai ƙara sa min sabo ba sai ya auna. Ya ɗaura mita, injin na juyawa ba kowa a kai, amfiya 2 da ɗan wani abu. Na hau ina tafiya, ta haye 10. Ya kashe, ya ce, "Alhaji, zura hannunka ƙarƙashin bel." Wallahi a bushe ƙamas, katakon da bel ke zamewa a kansa da zafi kamar an ɗauke tukunya, hannuna ya fito da jar ƙurar hunturu. Ashe bel ɗin ne ke riƙe moto, moto ya ja wuta fiye da ƙima, taransisto ya dahu. Man silikon ya zuba, mitar ta sauko a gabana. Kada wani ya sa man gyaɗa ko baƙin mai, bel zai lalace. Abin da ya ban mamaki, ya ce mai jiki in yana tafiya a hankali ya fi wahalar da moto, domin fankar da ke sanyaya shi a jikinsa take, ba ta juyawa sosai.

Ɗalibin injiniya, Zariya: Ku yi hattara da kafasitan nan. Na zare filogi na taɓa fanel, ya watsar da ni. Yana riƙe wuta bayan an kashe. Sannan in taransisto ya ƙone ya daina katse wuta, bel na iya fizga da cikakken gudu ana kunnawa. Ku tsaya a gefe tukuna, ku maƙala igiyar makullin maganaɗisun, wanda ke tsayar da injin in an fizge shi, a riga.

Maman 'yan biyu, Kaduna: Na gode ƙwarai. Mai gyara ya zo, sansa ne ya goce daga wurinsa, ƙura ta lulluɓe shi. Ya goge ya ɗaure, injin ya tashi. Alhaji na Jos, na zura hannu ƙarƙashin bel, nawa ma a bushe yake. A ina kuke samun man silikon ɗin, kuma duk wata nawa kuke zubawa?